Bidiyo hannu da hannu: me zai iya yi mana ranar da reso ya tafi?

Na san wasu daga wurin aiki suka wuto nan, wasu kuma kabu-kabu suka hau cikin wannan rana ta Maraɗi. Allah ya saka wa kowa da alheri.

An ce in yi magana a kan wata shawara da ta yi ta yawo a gurup ɗinmu tun watan jiya. Shawarar ita ce mu daina dogara da manyan dandamali wajen watsa tarukanmu kai tsaye, mu koma ga wata fasaha wadda masu kallo ke miƙa wa juna bidiyo, daga wannan waya zuwa waccan. Wani ɗan uwa ya rubuta cewa in muka yi haka ba mai iya rufe mana baki, ko da an katse intanet. Mutane da yawa suka danna masa alamar yabo. To ni ne mai riƙe waya duk ranar da muke direk, ni ake kira a yi wa faɗa in hoto ya daskare, shi ya sa na zauna na karanta abin da zan iya, na gwada abin da zan iya. Kuma don wanda zai tashi kafin in gama, ga ƙarshen maganata tun yanzu: fasahar gaskiya ce, tana aiki, amma nauyin da take saukewa na mai watsawa ne. Mai kallo ƙara masa kaya take yi. Kuma ranar da aka katse reso, tare da reso take tafiya.

Bari mu fara da lissafi, don shi ne tushen komai.

Bidiyo mai ɗan kyau, irin wanda za ka gane fuskar mai magana, a ce yana cin megabit ɗaya a kowace daƙiƙa. In ka kalle shi awa guda, mega 450 ke nan ya fita daga forfenka. Yanzu ku koma gefen mai watsawa. Yadda intanet ke aiki a yau, babbar kwamfutar da ke riƙe da bidiyon, wadda ake kira uwar garke, kowane mai kallo nasa kwafi take aika masa daban. Mutum goma, kwafi goma. Mutum dubu, kwafi dubu, wato giga 450 a awa ɗaya. Ko da mu ashirin ne a fada ɗaya, muna shan shayi a tabarma ɗaya, muna kallon abu ɗaya, sau ashirin za a turo shi daga inda yake. Kamar mai shela ne da aka hana shi ɗaga murya, aka ce ya bi gida gida yana raɗa wa kowa a kunne.

Masana sun ga wannan asara tun intanet na jariri. Wani ɗalibi a jami'ar Stanford ta Amurka, Steve Deering, ya kawo mafita, aka rubuta ta a matsayin ƙa'ida a 1989. Ya ce mai watsawa ya aika kwafi ɗaya tak. Na'urorin da ke tsaye a mararrabar hanyoyin intanet, masu karkatar da saƙo, su ne za su ninka shi, kuma sai inda hanya ta rabu za su ninka. Kwafi ɗaya ya taho daga Faransa zuwa Yamai, a nan ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Tawa, ɗaya ya nufi Maraɗi da Damagaram. Tunani mai kyau ƙwarai. An ma gwada shi: a 1992 aka haɗa wata hanyar gwaji mai suna MBone, kuma a watan Nuwamban 1994 aka watsa wani ɓangare na wasan mawaƙan Rolling Stones a kanta.

Amma abin bai yaɗu ba. Dole kowace na'urar mararraba ta riƙe a ƙwaƙwalwarta wane rukuni ke son wane shiri, kuma rukunan na iya kai miliyoyi. Sannan ga maganar kuɗi: in kwafi ɗaya ya shigo hanyar kamfanina ya zama dubu a ciki, wa zan bi bashi? Kamfanoni ba su ga riba ba, suka bar ƙofar a rufe. Har yau ana amfani da dabarar, amma a cikin gidan kamfani ɗaya, misali mai sayar da talabijin ta wayar intanet ga abokan cinikinsa. Tsakanin kamfani da kamfani kuwa shiru.

A shekara ta 2000, wasu masu bincike uku a jami'ar Carnegie Mellon, Yang-hua Chu da Sanjay Rao da Hui Zhang, suka ce to, tun da masu hanya sun ƙi, mu bar su. Kwamfutocin masu kallo su yi aikin ninkawar da kansu. Ni in karɓa in miƙa wa mutum biyu, su ma kowa ya miƙa wa biyu. Suka sa wa tsarinsu suna Narada, sunan wani mai yawon kai labari a al'adun Indiya. Wannan shi ake nufi da shimfiɗa hanya a kan hanya. Ku riƙe wannan kalma, a kan hanya, za mu dawo gare ta. Masu kallo suna tsara wa ke ba wa, amma duk abin da suka miƙa wa juna a kan intanet ɗin da kamfanoni suka gina yake bi. Kamar ƴan kabu-kabu ne su shirya tsakaninsu wa zai kai saƙo wace unguwa: shirin nasu ne, kwaltar ba tasu ba ce.

Siffa ta farko da aka gwada ita ce ta bishiya, kuma mu mun san ta tun kafin a haifi waɗannan masana. Ku tambayi dattawa yadda ake sallar idi kafin zuwan lasifika. Liman ya yi kabbara, wanda ke kusa ya ɗaga murya ya maimaita, na can baya ya ji ya maimaita, har ta kai sahun ƙarshe. Liman bai ƙara ƙarfin muryarsa ba, amma dubban mutane sun ji. Haka bishiyar bidiyo take. In kowa na ba mutum biyu, hawa goma ya isa a kai ga mutum dubu.

Wanda ya taɓa tsayawa a sahun baya ya san matsalar. Kafin kabbara ta iso ka, liman ya kusa ɗagowa. Kowane hawa yana ƙara jinkiri. Wadda ta fi wannan muni, a ce mai maimaitawa na tsakiya ya yi tari, ko alwalarsa ta karye ya fita. Duk na bayansa sun rasa liman. A filin idi wannan ba ya yawan faruwa, amma a intanet shi ne kullum. Mutum ya shigo ya kalli minti uku, an kira shi, ya fita. Batir ya mutu. An ɗauke kuran. Duk wanda ya fita, reshen da ke ƙarƙashinsa sai ya nemi sabon uba, kuma kafin ya samu hoto ya tsaya.

Akwai kuma rashin adalci a cikin bishiya. Waɗanda ke can ƙarshe, ganyayyaki, karɓa kawai suke, ba sa ba kowa. In kowa na ba mutum goma, kusan tara cikin goma na masu kallo ganyaye ne, ɗaya cikin goma ke ɗauke da kayan kowa. A 2003 masu bincike na Microsoft a Cambridge ta Ingila, tare da na jami'ar Rice, suka fito da SplitStream don gyara wannan. Suka yanka bidiyon gida gida, kowane yanki da bishiyarsa. Kai kana reshe a bishiya ɗaya, kana ganye a sauran. Kowa ya ɗauki nasa rabon kaya, kuma in mutum ɗaya ya fita, yanki ɗaya aka rasa, hoto ya ɗan dushe amma bai tsaya ba. A takarda abin sha'awa ne. Sai dai kula da bishiyoyi da yawa a lokaci ɗaya, mutane na shiga suna fita, aiki ne ja.

Abin da ya ci kasuwa a ƙarshe ya fi wannan sauƙin kai, kuma shi ma duk wanda ya yi lakol ya san shi. Kun tuna satin da ya rage a yi jarabawa? Kayenka babu darasi na uku, nawa babu na biyar, na wance ya cika amma rubutunta sai ita. A zauna, kowa ya faɗi abin da yake da shi, kowa ya kwafi abin da ya rasa daga wanda ke da shi. Babu shugaba, babu wanda in ya tashi komai ya tsaya. Wannan ita ce dabarar BitTorrent, wadda Bram Cohen ya fitar a 2001 don raba manyan fayil: a daddatsa abu ƙanana, kowa ya nema daga maƙwabta da yawa, kuma wanda ya fi bayarwa a fi ba shi, kamar adashi.

Fayil yana iya jira, direk ba ya jira. A 2004 wani ɗalibi a Hong Kong, Xinyan Zhang, ya fitar da CoolStreaming, wanda ya ɗauki dabarar ya ɗora ta a kan shiri na kai tsaye. Kowace kwamfuta tana da ɗan rumbu na bidiyon da zai fito nan da ƴan daƙiƙoƙi. Lokaci lokaci tana gaya wa maƙwabtanta, ga gutsayen da nake da su, ga waɗanda babu. Sai ta roƙi wanda ya kusa fitowa a allo, da wanda ya yi ƙaranci a cikin jama'a. Gutsuren da bai iso a kan lokaci ba, an wuce shi, ba amfaninsa. A daidai wannan lokaci PPLive ya fito daga jami'ar Huazhong da ke birnin Wuhan na ƙasar Sin, sannan ga SopCast da ire-irensu. Miliyoyin mutane suka kalli talabijin da ƙwallon Turai ta wannan hanya, da yawa ba da izinin masu shirin ba, kuma rigimar haƙƙin mallaka ce ta sa CoolStreaming ya dakata a 2005. Farashin da aka biya shi ne jinkiri. Kana iya jin ihun maƙwabcinka mai kallo ta tauraron ɗan adam, an ci ƙwallo, kai kuwa a allonka ba a ma bugo kwanar ba.

Daga nan manya suka shigo. Mutanen da suka ƙirƙiri Skype, Niklas Zennström da Janus Friis, suka buɗe Joost a 2007 a kan wannan fasaha. BBC ta yi amfani da ita wajen sauke shirye-shiryenta. Ranar 20 ga Janairun 2009, da aka rantsar da Barack Obama, CNN ta watsa bikin da taimakon manhajar wani kamfanin Denmark mai suna Octoshape, wadda ke sa masu kallo su miƙa wa juna. Bayan haka aka yi ta ƙorafi, domin mutane da yawa sun danna amincewa ba su san cewa intanet ɗinsu ake amfani da shi wajen ciyar da wasu ba. Ku lura da wannan ƙorafi, don irinsa ne zai same mu.

To ina suke yau? Joost da BBC sun bar dabarar a ƙarshen 2008. Spotify ma, da ya daɗe yana amfani da ita a kwamfuta, ya ajiye ta a 2014. Abin da ya kayar da ita arha ce. Kamfanoni irin su Akamai, sannan Google da Netflix da Facebook, suka riƙa dasa rumbunan ajiya kusa da masu kallo, har a cikin ɗakunan kamfanonin sadarwa. Kwafi ɗaya ya taho daga nesa, rumbu ya raba wa na kusa. Wato an cika burin Deering, amma da kuɗi da gini, kuma mabuɗin yana hannun masu kuɗin. Wani dalili kuma, mutane sun tashi daga kwamfutar tebur mai waya a bango, wadda ke kunne dare da rana, sun koma salula mai batir da forfe.

Amma fasahar ba ta mutu ba, kuma nan ne shawarar ɗan uwanmu ta samo asali. Manhajojin buɗe shafin intanet na yanzu suna ɗauke da wani abu da ake kira WebRTC, wanda ke bari na'urori biyu su yi magana kai tsaye ba tare da an girka komai ba. Wata ƙungiya mai zaman kanta a Faransa, Framasoft, ta gina PeerTube a kansa. Ta fitar da shi a 2018, ta ƙara masa direk a Janairun 2021. Kyauta ne, kowa na iya kafa nasa a kan uwar garken da ya yi haya, kuma masu kallon bidiyo ɗaya a lokaci ɗaya suna taimaka wa juna. Ƙaramar ƙungiya irin tamu na iya samun gidan talabijin nata, da dokokinta, ba mai goge mata bidiyo don wata na'ura ta yi kuskuren fassara Hausa. Wallahi ni kaina da na fara karantawa sai da na ji daɗi.

Sai na zo kan tambayar da ta dame ni: su waye masu kallonmu, kuma da me suke kallo?

Duk wannan tarihi da na ba ku, an gina shi ne a kan mutumin da ke biyan intanet a wata, ko ya yi amfani ko bai yi ba. Hanyarsa ta aikawa zaune take ba aiki, don haka in ya ba maƙwabci ba abin da ya ragu gare shi. Mu fa? Mu forfe muke saye, kuma forfe ba ruwansa da sauka ko hawa, duk abin da ya ratsa wayarka ƙirgawa yake. Ka kalli taronmu awa guda, mega 450. In wayarka ta miƙa wa mutum ɗaya duk abin da ta karɓa, 900 ke nan. Ƙungiya ta rage kuɗin haya, ɗalibar da ta haɗa jika ɗaya da ƙyar ta biya mana bambancin, kuma ba ta sani ba. Mu da muke fita muna cewa kada a ɗora wa talaka kaya ba da saninsa ba. In kuwa muka ce kowa ya kashe miƙawa don ya tsare forfensa, kuma ana iya kashewa, to an koma gidan jiya: kowa na karɓa, babu mai bayarwa, uwar garke ta ɗauki kayan duka.

Ko da mun yarda mu biya, akwai wani shinge. Wayoyin da ke kan reso na salula galibi ba su da adireshin kansu a intanet. Kamfani yana tara dubban wayoyi a bayan adireshi ɗaya, kamar babban gidan haya mai ƙofa ɗaya da maigadi. Kai kana iya fita ka nemo abu, amma baƙo daga waje ba ya iya zuwa ya ƙwanƙwasa ɗakinka. Akwai dabarun da ake bi a buɗe hanya tsakanin wayoyi biyu, wani lokaci su ci, wani lokaci su ƙi. Na gwada da abokai a fadarmu, kowa da layinsa. Wasu wayoyin sun ga juna, wasu ko alama. Kuma waɗanda suka ga junan, kada ku ɗauka bidiyon tsallakawa ya yi daga hannuna zuwa hannun na kusa da ni. Sai da ya hau eriya, ya shiga cikin kamfani, ya dawo. Ni an cire mini, shi an cire masa. Wani dattijo da ke zaune yana kallonmu muna ta fama ya ce, «To mi kunka ƙaru da shi?» Ban sami amsar ba shi ba.

Yanzu maganar da ta fi nauyi. In wayarka za ta miƙa wa tawa, dole tawa ta san lambar da take fita da ita a intanet, wadda masana ke kira IP. Duk wanda ya buɗe bidiyon yana iya ganin lambobin waɗanda wayarsa ke musaya da su. Masu PeerTube ba su ɓoye wannan ba, suna rubuta gargaɗin. Lambar kaɗai ba ta faɗin sunanka. Amma tana nuna kamfaninka, kuma kamfani yana da rajistar wane layi ya yi amfani da wace lamba a wane lokaci, layin kuwa da katin shaidarka aka yanke shi. Ko WhatsApp, da yake kiran mutum biyu yakan bi kai tsaye, sai da ya ƙara wani maɓalli a 2023 na ɓoye wannan lamba a lokacin kira. Ku duba a wayoyinku, yana nan a sashen sirri.

Kun san ƙasarmu tana da dokar laifukan intanet tun 2019. An sassauta ta a 2022, sannan a watan Yunin 2024 aka maido da hukuncin ɗauri a kan wasu laifukan da suka shafi abin da mutum ya wallafa. Ba ina cewa kallon taronmu laifi ne ba, a fili muke yin komai. Ina cewa wanda ya zo ya zauna a nan ya san an gan shi, ya zaɓa. Wanda ke kallo daga ɗakinsa, malamin makaranta ne ko ma'aikaciyar gwamnati, yana ɗauka ba wanda ya san yana kallo. Bai kamata mu canza masa wannan ba tare da mun gaya masa ba. A manyan dandamali ma an san ka, har fiye da haka, amma kamfanin ne ya sani. A nan kuwa duk wanda ya shigo kallo yana iya fara tattarawa.

Sai maganar katsewa, wadda ita ce ta ja hankalin kowa. Yawancinmu mun tuna Fabarairun 2021. An yi zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa ranar 21, aka faɗi sakamako ranar 23, daga ranar 24 intanet na salula ya ɗauke kusan kwana goma. Ku tambayi kanku, a waɗannan kwanaki, da muna da wannan fasaha, me za ta yi? Kafin wayoyi su fara miƙa wa juna, sai sun tambayi wata uwar garke su waye ke kallo. Ba za su kai gare ta ba. A ce ma sun san juna, ta ina gutsayen za su bi? Ta reso ɗin da aka kashe. Na ce ku riƙe kalmar a kan hanya. An rufe kwalta, shirin ƴan kabu-kabu ya zama labari. Abin da fasahar ke iya karewa shi ne faɗuwar uwar garke saboda yawan jama'a. Wannan matsalar wanda jama'a suka yi wa yawa ce, mu kuwa har yanzu roƙon mutane muke su shigo direk.

Wasu za su ce ai akwai manhajojin da ba sa bukatar reso, masu bi ta Bluetooth daga waya zuwa waya. Akwai. An yi amfani da FireChat a zanga-zangar Hong Kong ta 2014, da Bridgefy a ta 2019. Amma suna bukatar mutane a cunkushe, kowa kusa da wani, kuma ɗan rubutu suke ɗauka, bidiyo ya fi ƙarfinsu. Sannan a 2020 masu bincike na Royal Holloway a jami'ar Landan suka nuna cewa a Bridgefy na wancan lokaci ana iya karanta saƙonnin mutane, a kuma gane wa ke magana da wa. Mutane sun amince da shi a ranar da suka fi bukatar sirri.

Abin da ya ba ni dariya a duk wannan bincike shi ne, hannu da hannu na gaskiya, wanda ba ya bin kwaltar kowa, mun riga masana iya shi. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a Sakkwato a 2008. Ba kamfanin da ya raba su. Katin memwar da Bluetooth ne suka kai su garuruwan Sahara, daga waya zuwa waya, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji su ya sa ɗaya a wani faifai da ya fitar a 2011. Yau mutumin yana wasa a manyan dandalin duniya. A ƙasar Kuba, inda intanet ya daɗe yana da wuya da tsada, akwai abin da suke kira ƙunshin mako: kusan terabait ɗaya na fina-finai da labarai da manhajoji, ana yawo da shi a faifan ajiya daga gari zuwa gari. Mu ma ga masu tura fim da wa'azi a bakin kasuwa da tasha, ga Xender a kowace waya. Xender ɗin nan, wayar ɗaya ce ke buɗe ɗan wifi nata, ɗayar ta shiga, fayil ya wuce ba tare da ya taɓa eriyar kamfani ba. Ba forfe, ba rajista. Aibinsa ɗaya, ba direk ba ne. Kuma in za mu faɗa wa kanmu gaskiya, cikin tarukanmu nawa ne suke lalacewa in an kalle su bayan awa uku?

Yana da nasa haɗarin, kada in yi masa ado da yawa. Abin da ke yawo hannu da hannu ba shi da uba. Ana iya yanke jawabi a tsakiya, a manna masa wani, ya zaga Maraɗi da sunanmu kafin mu ji. Shi ya sa nake ganin amfanin mu sami wuri ɗaya namu inda cikakken bidiyo yake zaune, wanda duk mai shakka zai je ya gwada da abin da aka tura masa. A nan PeerTube zai yi mana rana, a matsayin rumbu. Yana da kuɗin haya duk wata, ana biya da katin banki, kuma sai an sami mutum biyu aƙalla da suka iya kula da shi, kada ya zama in na yi tafiya komai ya tsaya.

Ga abin da zan kai wa kwamiti, ku kuma ku gyara mini. Direk mu ci gaba da yin shi inda jama'armu suke, don ba za mu ja mutane zuwa wani sabon wuri da ƙarfi ba. Rumbu mu kafa namu, kuma miƙawa ta kasance a kashe, sai wanda ya kunna da kansa bayan ya karanta bayani da Hausa a kan forfensa da lambarsa. Inda miƙawar za ta yi amfani shi ne wurin da mutane da yawa ke kan wifi ɗaya, kamar ɗakin taro ko jami'a, domin a nan gutsayen na iya wucewa tsakanin na'urori ba su fita waje ba. Kowane taro kuma mu fitar da shi a murya zalla. Murya mai kilobit 32 a daƙiƙa, awa guda ba ta kai mega 15 ba. Ku gwada da 450. Wannan ko a WhatsApp ya wuce, ko a reso mai rarrafe.

Sannan kowace unguwa a sami mutum ɗaya da zai riƙa sauke cikakken bidiyo a inda akwai wifi, ya kai fada, a tura wa mai so. A farkon kowane bidiyo da ƙarshensa za mu faɗi rana da wuri da tsawonsa da baki, don in an yanke a gane. Wannan tsari ina so mu fara shi yanzu da reso ke nan, mu saba, mu san wa ke kai wa wa, tun da ranar da ya tafi ba za mu sami gurup ɗin da za mu shirya a ciki ba.

Asabar mai zuwa bayan la'asar zan zo da akwatin wifi da kwamfuta a nan ɗakin. Ina bukatar wayoyi kamar ashirin, tsofaffi da sababbi, kowane layi. Za mu kunna bidiyo ɗaya sau biyu, sau ɗaya a kan wifi, sau ɗaya kowa a kan forfensa, kowa ya duba megansa kafin da bayan, mu rubuta a allo. Wanda zai zo ya zo da cajarsa, kuma forfen gwajin ƙungiya ce za ta biya, na riga na yi magana da ma'aji. Na ga hannu biyu a baya. Bismillah, ƴar uwa, fara.